Kawara da Tofin Inna

Motar Kawu tana da suna, kuma ba shi ya raɗa mata ba. Matan da ke sayar da soyayyen kifi a bakin tashar Kalgo ne suka dubi launinta, ruwan azurfa mai walainiya idan rana ta bugi gefenta, suka ce ai wannan kawara ce. Duk wanda ya tashi kusa da gulbi ya san kawara, kifin nan mai farin jiki da ke yin wal a cikin koma idan an ɗago ta daga ruwa. Sunan ya bi motar har ta tsufa. Fasinja zai zo tasha ya tambaya ko Kawara ta tashi, a ce masa ta tashi tun da sassafe, sai ya nemi benci ya zauna jiran dawowarta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Mu muna Gwandu, shi kuwa aure da tuƙi suka zaunar da shi a Kalgo. Shi ne kuma mahaifin matata, wato dai taubashiyata na aura, abin da ya sa har yau ban san daɗin a ji tsoron maigida ba. Wasan da muka fara tun muna ƙanana ɗaurin aure bai kashe shi ba, wurin zama ma ya ba ta da za ta riƙa yi mini shi safe da yamma.

Ina yaro a gidansa nake yin hutun makaranta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake fara aiki. Ba ya tayar da mota sai ya tsaya a gabanta, ya ɗora tafinsa a kan murfin inji, ya yi karatu ƙasa-ƙasa, sannan ya yi mata tofi. Ya shiga ciki ya yi wa sitiyari. Ko fasinjoji na ta ƙorafin rana ta yi, ba ya fasawa kuma ba ya gaggawa. Daga baya inji ya buga, kayan gyara suka yi wuyar samu, motar ta daɗe a ƙofar gida kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka ja ta. Ranar Kawu bai fito daga ɗaki ba.

Ni kuwa sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu na kamu da son ƙananan motoci. A shagon wani mai kayan gwanjo a Birnin Kebbi na ga wani kwali da hoton mota, na ɗauka abin wasa ne zan kai wa yara. Da na buɗe sai na ga gutsattsarin roba, ƙofa daban, taya daban, kujera daban, komai irin na motar gaske amma duk motar ba ta fi tsawon tafin hannu da rabi ba. Na ce bari in haɗa musu. Har yau yaran ba su taɓa ta ba. Na share ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, na kafa tebur da katakon jera kaya, kuma idan na taso daga aiki na yi la'asar, can za a same ni.

Mutanen unguwa sun yi magana har sun gaji. Babba da wasan yara, in ji su. Ban damu ba, domin daɗin da nake ji a ɗakin nan ba na jin sa a wata majalisa. Doka ɗaya na kafa, kuma a kanta na ɓata da mutane da dama: a gani da ido. Mutanenmu ba su yarda sun ga abu ba sai sun shafa shi. Baƙo zai shigo ya ce tubarkalla, kafin ya rufe baki yatsansa na kan rufin mota, ya bar mini tambarin man gyaɗa. Matata takan ce da zan iya, da na sa wa ƙudaje ma harajin shiga.

Haɗa motar ba shi ne wuya ba, fenti ne. A cikin fenti kuwa babu mai taurin kai kamar mai ƙyallin ƙarfe. Ja ko shuɗi idan ka fesa ya yi ɗan tudu, za ka iya bin sa da samfefa ka daidaita. Mai ƙyalli yana da wasu ƙananan ɓarɓashi a cikinsa, su ke kama haske. Idan sun kwanta lafiya a gefe guda, motar takan yi sheƙi kamar an zuba ta ne daga narkakken ƙarfe. Idan ka matso da gwangwanin feshi da yawa, fentin ya jiƙe, ɓarɓashin su yi iyo su taru wuri ɗaya, sai ka ga duhu a nan, haske a can. Idan ka yi nisa kuma, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin motar ya yi kaushi. Kuma ba a goge shi da samfefa, ana gogewa an kashe ƙyallin. Saboda haka na daɗe ina kauce masa, ina ta jajaye da koraye abina.

Sai idon Kawu ya fara tafiya. Da farko mun ɗauka yanar ido ce, a kankare a huta. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Ya ba da maganin ɗigawa don a rage masa gudu, amma ya ce abin da ya tafi ya tafi.

Muka je gaishe shi ana tsakiyar bazara. Yana zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa. Ya gane muryata, ya gane ta 'yarsa, amma ya miƙa hannu gefe da inda nake tsaye. Bayan gaisuwa matata ta tambaye shi me yake iya gani yanzu.

Ya ce, “Mutane sun koma inuwa. Amma abu mai ƙyalli ina ganinai. Butag ga in an aje ta cikin rana ina ganinta. Kwanon ruhin masallaci ma hakanan.” Sai ya juyo wajena yana murmushi. “Kai kuma an ce mani ka zama maƙerin motocin da ba su zuwa ko'ina.”

Na ce, “Kawu, nawa ba su shan mai.”

Ya yi dariya har da tari. Can ya ce, “To ka yi mani Kawara in gani. Tun ina gani.”

Cikin wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya a karo na biyu. A hanyar komawa gida matata ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ban saba da shi ba. Ni kuma ina ta juya maganar. Idan na yi masa mota da fenti mara sheƙi, ko da ta yi kama da Kawara ta kowace fuska, inuwa kawai zan miƙa masa. Ƙyallin da na yi ta gudu shi kaɗai ne zai kai ga idonsa.

Samun jikin motar ma ya ci lokaci. Ta waya na yi ta nema har na samu mai dogon baya irin tasa, aka aiko mini daga Legas. Na haɗa ciki da kujeru da tayoyi a gefe guda, na bar ɓawon jikin daban don fenti. Kariyar ɗora kaya ta saman rufi da ƙarafan tsohuwar lema na lanƙwasa ta. Na bi jikin da samfefa mai laushi cikin ruwan sabulu, na fesa fentin shimfiɗa, na sake gogewa, sannan na sa baƙi mai sheƙi, domin na karanta, na kuma gwada a bayan cokalin roba na gani, cewa azurfa ta fi fitowa a kan baƙi.

Feshin farko zafi ne ya cinye shi. Bazarar Gwandu ba ta san wani abu wai shi sanyin safiya ba. Fentin ya sauka a bushe, na shafa bayan ya sha iska na ji kamar harshen kyanwa. Na goge, na koma kan baƙi. Kafin in sake shiri ruwa ya sauka. Na yi murna, na ce zafi ya karye. Ashe damina ma da nata halin. Na fesa da safe bayan an kwana ana ruwa, ina tsaye ina kallo ƙyallin ya dusashe, wani fari-fari ya lulluɓe shi saboda laimar da ke cikin iska. Wani karon kuma komai ya tafi daidai, sai ga wani ɗan ƙwaro ya bar duk faɗin ƙasar Gwandu ya zo ya sauka a tsakiyar murfin inji, ya yi ta birgima yana neman tashi.

A tsakanin nan matata na zuwa Kalgo tana dawowa da labari. Buta sai an matso da ita. Rufin masallaci ya daina ganinsa. Wata rana ta tsaya a ƙofar ɗakina, ina ta girgiza gwangwani ƙwallon cikinsa na ƙara, ta ce, “Malam, ka kai mishi hakanan mana. Kada garin gyaran gira a rasa ido.”

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta rufe baki da gefen mayafi ta juya. Na so in yi fushi, amma na san gaskiya ta faɗa, kuma uban nata ne. Na bi ta na nuna mata jikin motar a rana, na karkata shi hagu da dama. Babu wal ko ɗaya, toka ce kawai. Ta duba ta ce, “To ka yi sauri.” Na ce sauri shi ya haifi nawa. Ta ce ita dai ba ta ga saurin ba, nawar kaɗai take gani.

Ranar da nake jira ta zo bayan ruwa ya ɗauke, gero ya shigo gida, iska ta bushe amma zafi bai dawo ba. Da hantsi na yayyafa ruwa a ƙasan rumfar da ke bayan ɗakina don kada ƙasa ta tashi. Na tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, na girgiza shi har hannuna ya gaji. Na kafe jikin motar a kan sanda. Feshin daga waje ake fara shi, a ratsa ta kan mota da gudu ɗaya, a ƙare a waje, ba tsayawa ba komawa. Na yi na farko siriri, baƙin na leƙowa ta ƙasa. Na jira ya sha iska, na ƙara, na sake jira. A na ƙarshe na ɗan ja baya kaɗan na bar shi ya sauka a hankali.

Wallahi ban taɓa yin aiki irin wannan ba. Azurfar ta kwanta lumui daga gaba har baya, babu duhu babu kaushi. Na juya sandar, haske ya bi gefen motar ya zarce. Na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, ni kaɗai ina dariya a ƙarƙashin rumfa. Na soke sandar a cikin bokitin yashi, na shiga ɗaki ɗauko babbar robar da nake kifawa a kan aiki har ya bushe.

Inna, mahaifiyata, a sashenta take cikin gidan, kuma ba ta cika zuwa wajen ɗakina ba saboda warin fenti na sa mata ciwon kai. Ranar ko me ya fito da ita, neman wata kazarta ne. Ina fitowa da roba a hannu na gan ta a sunkuye a gaban bokitin, ta dafa gwiwa, bakinta na motsi. Na san wannan motsin bakin. Kafin in ce uffan ta kai ƙarshen addu'a.

Tuf, tuf, tuf.

Inna kuwa ba ta rabuwa da goro.

Ta ɗago fuskarta cike da fara'a, idonta ya kawo ruwa. “Wagga ai Kawara ta! Kai, ɗan nan, Allah shi yi ma albarka. Awa in buɗe in shiga.”

Na matso. Jajayen ɗigo ƙanana sun bazu a kan murfin inji da rufi, ɗanyen fentin na haɗiye su ina kallo. Na ce, “Inna!” da wata murya da ban taɓa kiranta da ita ba.

Ta ce, “Mi na na? Mota ba ta hita ba tohi. Ranad da Kawunka yak kawo ta gidan ga sabuwa, ni niy yi mata da bakina. Ka taɓa jin ta yi hatsari?”

Ba a yi wa uwa tsawa, ba a kuma yi wa addu'a. Fushin ya rasa ƙofar fita sai ya bi ta hannuna. Na fizgo ƙyalle daga aljihu na kai wa murfin injin shafa, wai in ɗauke goron tun bai zauna ba. Wanda duk ya san fenti ya san abin da ya biyo baya. Ƙyallen ya kwashe azurfar har baƙin ƙasa, ya bar zare-zare a manne. Tofin Inna ɗigo ne, mai yiwuwa da na bari ya bushe wani siririn feshi ya rufe shi. Ɓarnar gaske da hannuna na yi ta. Na yi jifa da robar, ta bugi bango, kazar da ake nema ta fito daga bayan tulu tana kyarkyara.

Inna ta dubi ƙyallen, ta dube ni. Ta ce, “Ashe tohina dauɗa na.” Ta juya ta tafi, ko kazar ba ta kora ba.

Matata da ta ji labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana cewa Goggonta ta yi mini maganin a-gani-da-ido. Can dariyar ta tsaya da kanta, ta tambaye ni yanzu sai yaushe kuma. Na ce sai fentin ya bushe sarai kafin a iya goge shi, sannan baƙi, sannan jira, sannan azurfa. Ta tashi ta shiga madafa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Ina zuwa gaida Inna da safe ta amsa a taƙaice, ba ta ƙara da tambayar ko na karya. Ina zaune ina goge jikin motar cikin ruwan sabulu, ina tunanin idon Kawu da ke rufewa a Kalgo da fuskar Inna da ta rufe a gida. Sai idona ya faɗa kan ɗaya rabin motar da ke ajiye a kan katako, wato ƙasanta da kujeru da sitiyari, wanda ya daɗe da bushewa yana jiran a kifa masa jiki.

Na ɗora shi a faifai na kai mata. Na durƙusa na ce, “Inna, an yi wa waje, ciki ba a yi mishi ba. Ga kujerad direba nan.”

Ta daɗe tana kallona. Ta san dabara ce, ai ita ta haife ni. Ta ce, “Nan ba ka gogewa?”

Na ce, “In na ruhe, ko ni ba ni iya kai hannu.”

Ta jawo faifan. Ta yi karatu mai tsawo, ya fi na farko, ta yi tofi a kan 'yar kujerar da ba ta fi ƙwayar dabino ba. Wani ɗan jan ɗigo ya sauka a kan sitiyari, na gan shi, na bar shi. Ta turo mini faifan ta ce, “Dama direba aka yi ma, ba ƙarhe ba. Tashi ka ba ni wuri. Ka karya kuwa?”

Allah ya taimake ni iskar kaka ba ta canza ba. Ranar da zan sake feshin matata ta ɗauki tsintar wake ta kai ɗakin Inna, ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe ta da hira, ta ce ko sauro ba zai wuce ta ba. Na yi yadda na yi a baya. Azurfar ta kwanta. Ban ce ta fi wadda na ɓata ba, har yau ina ganin waccan ta ɗara ta, amma ta kwanta. Wannan karon robar na kusa da ƙafata. Bayan ta bushe na bi ta da fenti mara launi mai sheƙi, wanda ke rufe azurfar ya kare ta, na bari ya yi tauri sosai, sannan na goge shi da ɗan man goge baki a tsohuwar singileti har na ga gemuna a jikin ƙofa. Na kifa jikin a kan kujeru, na ɗaura kariyar a rufi.

A cikin kwali na ɗauke ta, na kewaye ta da auduga, na rungume a cinya tun daga tashar Gwandu. Da muka canza mota a Birnin Kebbi yaron mota ya so ya jefa kwalin a but, na ce ya taɓa ya gani. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya ko ƙwan zabi ne. Matata ta ce mata a'a, amaryarsa ce.

Mun sami Kawu a inda muka saba samunsa, a inuwar dogon yaro. Ya rame kaɗan. Bayan gaisuwa na buɗe kwalin na riƙe motar a gabansa, na ce ga Kawara. Ya buɗe ido sosai, ya juya kai hagu da dama. Ya ce, “Ina take?”

Matata ta kama hannunsa ta ce, “Baba, tashi mu hita rana.”

Muka fito da shi tsakiyar fili, rana ta fara karkata yamma. Na tsayar da shi ya ba ta baya, na tsaya a gabansa na ɗaga motar daidai fuskarsa. Na fara karkata ta a hankali yadda nake yi a rumfata. Bai gani ba. Na matso, na sake karkatawa. Ina jin numfashin matata a bayana.

Ya ce, “Tsaya. Koma baya kaɗan. Nan.”

Na tsaya cak. Hasken ya kwanta a gefen motar tun daga fitilar gaba har ƙofar baya, ya faɗa a fuskarsa.

“Ga ta nan,” in ji shi. “Ga ta nan, wallahi. Gehen direba na. Hakanga taka yi in na hito da ita daga wanki.”

Ya daɗe yana kallo, ni kuma hannuna ya sage amma ban motsa ba. Matata na kuka a fili ba ta ɓoyewa. Ni ma na ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba. Can ya miƙo hannu biyu, na ɗora masa. Ya bi ta da babban yatsa, rufi, ƙofofi, kariya, tayoyi, duk inda na hana mutanen Gwandu taɓawa. Ya ce, “Kai, ka yi mata ƙarya. Kawara ba ta taɓa santsi hakanga ba, ko ranad da nis saye ta.”

Sai ya ɗora yatsu biyu a kan murfin inji, bakinsa ya fara motsi. Matata ta share hawaye ta zuba mini ido, dariya na neman ƙwace mata. Ashe hannuna ya riga ya shiga aljihu ya kama ƙyalle ban sani ba. Kawu ya yi tofinsa. Na zaro hannun babu komai.

Ya ce, “Innarka ta yi mata?”

Na ce, “Ta yi, Kawu. A kujerarka.”

Ya gyaɗa kai ya ce to yanzu ta zama mota.

Kafin azumin shekarar sauran ganin ya tafi gaba ɗaya. Ko rana ya kalla, ɗumi kawai yake ji. Amma yana nan da ransa da barkwancinsa, kullum a ƙarƙashin dogon yaro, Kawara a gefen tabarma kusa da carbi. An ce mini kowace safiya sai ya yi mata tofi kafin ya karya, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya miƙa masa ya ce ya taɓa ya ji santsi. Rabin Kalgo sun taɓa ta.

Zuwan da na yi na baya-bayan nan na ɗauke ta na duba. Murfin inji ya dusashe, gefen direba ya yi dauɗar yatsu, ƙarfe ɗaya na kariyar ya lanƙwashe. Aikin ɗan lokaci ne, man goge baki da tsumma su dawo da ita yadda take. Na ce, “Kawu, bari in tahi da ita in goge maka, ƙyallin ya tahi.”

Ya lalubo hannuna, ya karɓe ta, ya mayar da ita gefen carbinsa.

Ya ce, “Bar ta. Ai na riga na gani.”